Gwajin CA 15-3: Me Lambar Ke Faɗa Wa Mai Sankarar Mama?

Macen da ake yi wa maganin sankarar mama, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu take ganin likita, ko an tura ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wata rana za a iya miƙa mata takardar gwajin jini mai ɗauke da CA 15-3 ko CEA da wata lamba a gefe. Sau da yawa wannan lamba kan hana gida barci. Ra'ayina shi ne ana ɗora wa lambar nauyin da ya fi ƙarfinta.

CA 15-3 wani sinadari ne da ƙwayoyin mama ke saki cikin jini. Lafiyayyun mata ma suna da shi kaɗan, shi ya sa yawancin ɗakunan gwaji ke ɗaukar abin da bai wuce wajen 30 ba a matsayin daidai. Ƙwayoyin sankara kan sake shi da yawa, amma ba kullum ba: mafi yawan matan da ciwonsu ke matakin farko lambarsu ƙalau take fitowa, kuma ko cikin waɗanda ya bazu akwai masu lamba ƙasa. Tana kuma iya hawa ba don sankara ba. Ciwon hanta na ɗaga ta, ga shi kuwa ciwo ne da ya yi yawa a arewacin Najeriya. Shan taba kuma na ɗaga lambar ɗayan gwajin, wato CEA. Saboda haka ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka, a jagorarta ta 2007, ba ta yarda a dogara da gwajin wajen gano ciwon ko bibiyar wadda ta gama magani ba. Ta amince da shi ne ga wadda ciwonta ya bazu, shi ma tare da hoto da duban likita.

Abin da ya fi damuna shi ne makonni huɗu zuwa shida na farkon sabon magani. A wannan tsakanin lambar kan iya tashi alhali maganin aiki yake yi, wataƙila don ƙwayoyin da ke mutuwa suna zubar da abin da ke cikinsu. A garuruwan da har yanzu ake cewa daji ba ya son allura, tashin nan ya isa ya sa dangi su ce, “Ai mun faɗa,” su ɗauke mara lafiya su kai ta wurin mai magani, a katse allurar da ta fara cin ciwon.

Mai ja da wannan magana zai ce: matanmu da yawa sai ciwo ya yi nisa suke zuwa asibiti, hoton CT na da tsada, mutumin Gwaram kuwa sai ya biya kuɗin mota mai yawa kafin ya same shi, to me zai hana a riƙe gwajin jini mai sauƙi? Akwai gaskiya a nan, domin irin waɗannan matan ne gwajin ya fi yi wa amfani. Sai dai amfanin yana cikin jerin sakamako ne, daga ɗakin gwaji guda, tunda injuna sun bambanta. Idan lambar ta fara a sama ta riƙa sauka wata bayan wata, alama ce mai kyau. Idan ta yi ta hawa, likita zai nemi hoto kafin ya sauya magani. Wadda tata ba ta taɓa hawa ba tun farko, maimaita gwajin ba zai ƙara mata komai ba.

In kuɗi ya yi kaɗan, gwajin da ya kamata a fara nema shi ne na tsokar da aka yanko daga ƙullutun, wato ER da PR da HER2. Shi ke nuna ko maganin tamoxifen zai yi wa mace aiki, ko kuwa trastuzumab take buƙata.