Kuturtar gyaɗa: cutar da ba ta jin feshi

Dattawan manoma a ƙasar Katagum, daga Madara zuwa Chinade, ba su manta da daminar 1975 ba. A lokacin Azare tana cikin jihar Arewa maso Gabas, domin sai a shekarar da ta biyo baya aka ƙirƙiro jihar Bauchi. Mutane ba su gama farfaɗowa daga farin 1973 ba, sai ga gyaɗa ta tsuke a gona, ganyenta ya ƙanƙance ya murɗe, wani ya yi ɗorawa, wani ya yi kore shar, amma in aka tuge babu 'ya'ya. Masana sun ƙiyasta cewa annobar ta lalata gyaɗa a fili kusan hekta dubu 700 a arewacin Najeriya, asarar da ta kai dalar Amurka miliyan 250. Tana cikin abubuwan da suka ƙarasa rushe dalar gyaɗa ta Kano.

Manoma suna kiranta kuturtar gyaɗa, kuma sunan ya dace, don shuka takan dunƙule ta kasa miƙewa. Tun 1907 aka fara bayaninta a Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, kuma cuta ce ta Afirka.

Abin da ke haddasa ta ƙwayar bairos ce, wadda madubin likita na yau da kullum ba ya iya nunawa. A gaskiya ma abubuwa uku ne suke haɗa kai: bairos guda biyu, da wani ɗan guntun ƙwayar gado da ke raɓe da ɗayansu. Wannan guntun shi ke sa ganye ya lalace. Bairos na biyun kuma aikinsa ya ba su riga, wadda da ita ƙwaro ke iya ɗaukarsu. Ƙwaron nan shi ne darɓa, ɗan mitsitsin baƙin abin da ke taruwa a kan tohon gyaɗa da wake yana tsotsar ruwansu. Idan ya sha daga shuka mai ciwo, yakan yi kwanaki yana rarraba cutar duk inda ya sauka, masu fiffike kuma iska kan kai su gonaki masu nisa.

A nan ne manomi ke yawan asarar kuɗinsa. Da ya ga gona ta fara ɗorawa sai ya nufi shagon maganin feshi a kasuwar Azare. Feshi yana kashe darɓa, yana iya rage yaɗuwa in an yi shi da wuri, amma shukar da ta riga ta kamu ba ta warkewa. Mai shago da malamin gona duk ya kamata su riƙa faɗin wannan ƙarara.

Cutar ba ta bin iri, saboda haka rigakafinta yana hannun mai gona. Shuka da wuri, da zarar ruwa ya zauna, tana sa gyaɗa ta yi ƙwari kafin darɓa ta yi yawa. Shuka a matse ma tana taimakawa, domin ƙwaron ya fi sauka a gonar da ke da gibi, inda ƙasa ke bayyana. Sai kuma gyauro: gyaɗar da ta tsiro da kanta a fadamun kogin Jama'are da rani tana iya riƙe cutar har wata damina, don haka a tuge ta.

Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tare da ICRISAT mai ofis a Kano, sun fitar da ire-iren gyaɗa masu jure cutar. SAMNUT 24, da aka saki a 2011, tana nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka, abin da ya dace da gajeriyar daminar Katagum. Matan Azare masu matsar mai da ƙuli-ƙuli, da masu kiwo da ke jiran harawa, duk cin abincinsu ya rataya ne a kan ko wannan iri zai isa ƙauye kafin saukar ruwan fari.