Musabaƙar Ɗalibai a Fagen Rubuta Manhajar Kwamfuta: Darasi Daga Amurka

A shekarar 1978, zamanin da kwamfuta ba ta zama kayan kowane gida ba, kuma makarantar da ta mallaki ko da guda ɗaya ana yi mata kallon mai arziki, aka kafa wata gasa ta ɗalibai a Rod Ailan, wadda ita ce mafi ƙanƙantar jihohin Amurka ta fuskar faɗin ƙasa. Da farko makarantun jihar kaɗai ke shiga, daga baya ta game jihohin maƙwabta, sannan ta game ƙasar baki ɗaya har ta ƙetara teku, aka san ta da sunan ACSL. Abin da ya ja hankalina gare ta shi ne tsarinta, domin a cikinsa akwai hikimar da duk mai niyyar shirya irin wannan musabaƙa ya kamata ya tsaya ya yi mata nazari.

Galibin gasannin da muka saba gani na yini guda ne: a tara yara, a yi jawabai, a raba kyaututtuka, kowa ya kama gabansa, ba a sake jin ɗuriyar abin sai baɗi. Wannan kuwa an shimfiɗa ta ne bisa tsawon shekarar karatu, an kasa ta zagaye huɗu, ana tara makin kowace makaranta zagaye bayan zagaye kamar yadda ake yi a kakar wasan ƙwallo, sa'an nan a ƙarshe, wajen watan Mayu, a gayyaci waɗanda suka yi fice su kara da juna. Fa'idar wannan a bayyane take ga duk wanda ya taɓa koyarwa, domin yaron da ya faɗi a zagayen farko yana da makonni a gabansa da zai yi muraja'a, ya gane inda ya yi kuskure, ya dawo da shiri. Malaminsa kuma ba shi da damar ajiye littafi har sai kakar ta ƙare. Ilmi irin wannan ba ya zama a ƙirji sai da dawwama a kansa, kamar dai yadda mahaddaci ke kiyaye haddarsa da tilawa.

Kowane zagaye yana da ɓangare biyu. Na farko gajerun tambayoyi ne waɗanda ba sa buƙatar na'ura, alƙalami da takarda sun wadatar. A nan ake gwada yaro a kan asasin fannin: lissafin tushe biyu, wanda a cikinsa ake rubuta 13 da siffar 1101, saboda na'urar ba ta san komai ba face sifili da ɗaya; da manɗiƙin Joj Bul, masanin Ingila na ƙarni na 19, wanda ya mayar da gaskiya da ƙarya abin lissafawa; da kuma bibiyar wani ɗan rubutaccen umarni layi bayan layi har yaro ya faɗi abin da zai haifar. Na biyu shi ne mas'ala guda da ɗalibi zai rubuta mata manhaja da harshe irin su Python ko Java ko C++, a gwada ta da bayanan da bai gani ba tukuna. An kuma kasa masu shiga rukuni-rukuni gwargwadon shekaru da ƙwarewa, har da rukunin da babu rubuta manhaja a cikinsa sam.

Alal haƙiƙa, nauyin da ya fi kowane girma yana wuyan mai tsara tambaya, kuma a nan ne ake gane gasar kirki. A ɗauki misali: a ce wa yara su rubuta manhajar da za ta faɗi ko shekara kabisa ce, wato wadda Fabrairu ke cika kwana 29 a cikinta. Mai gaggawa zai ce duk shekarar da 4 ta raba ta daidai kabisa ce, ya gwada da 2024 ya ga ta yi, ya miƙa aikinsa yana murna. Amma ƙa'idar tana da togaciya, domin shekarun da 100 ke rabawa ba sa shiga sai in 400 ma ta raba su, shi ya sa 2000 ta zama kabisa, 1900 kuwa ba ta zama ba. Idan mai tsarawa bai sanya 1900 cikin bayanan gwaji ba, ya daidaita mai zurfin tunani da mai garaje, wannan kuwa zalunci ne ga na farko, kuma cutarwa ce ga na biyu, tunda an bar shi cikin kuskurensa yana zaton daidai ne.

Sai kuma amana. A da, tsawon shekaru da dama, a makarantar ɗalibi ake yin jarrabawar, malaminsa ne ke tsaron lokaci, shi ke dubawa, shi ke aika sakamako. Ko yanzu da aka koma yin ta ta intanet, ba na'urar da za ta iya tsayawa a madadin malami mai jin kunyar ya sanya wa almajirinsa hannu. Ranar da aka fara zargin makin wata makaranta, ranar gasar ta fara mutuwa.

Wanda ya yi nisa a wannan tafarki yana da inda zai dosa, domin akwai gasar duniya ta IOI da aka fara a Bulgeriya a 1989, inda kowace ƙasa ke tura ɗalibai huɗu, kuma an taɓa yin ta a Afirka ta Kudu da Masar. Kada kuma mu ɗauki fannin baƙo gare mu: kalmar algoridim, wadda masu wannan sana'a ke kiran tsararrun matakan warware mas'ala da ita, daga sunan Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi ta samo asali, masanin hisabi da ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun.

Ina kira ga shugabannin makarantunmu na sakandare, waɗanda uzurinsu kullum shi ne ƙarancin na'ura da rashin wutar lantarki, da su lura cewa rabin wannan aiki da alli da allo ake yinsa. Makarantu biyar ko shida na gari guda su haɗu, malaman lissafi da na kwamfuta su tsara tambayoyi, su yi musayar masu sa ido a tsakaninsu, su fara zagayen farko a zangon karatu mai zuwa.