Watannin da Jirgi Ke Zama Gida a Kogin Binuwai

Wanda ya tsaya a kasuwar shanu ta Ngurore yana kallon tireloli suna lodin dabbobi zuwa Kudu zai ɗauka tun asali kwalta ce ta haɗa Adamawa da sauran duniya. Amma kafin zuwan mota, babbar hanyar wannan ƙasa tana can arewa da garin, wato Kogin Binuwai, kuma hanya ce mai lokaci. 'Yan watanni take buɗewa a shekara, daga tsakiyar damina zuwa goshin kaka. A cikin waɗannan watanni akwai mutanen da jirgi ne ɗakin kwanansu da madafarsu da wurin sallarsu, suna ratsa tsibirai daga wannan zango zuwa wancan.

Tsawon Binuwai ya kai kimanin kilomita 1,400. Yana tasowa daga tsaunukan Adamawa na ƙasar Kamaru, ya bi ta Garwa, Kogin Faro ya zubo masa dab da iyaka, ya wuce Yola da Jimeta, ya karɓi Gongola a Numan, sannan ya gangara Ibi da Makurɗi har ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Da rani, wanda bai san shi ba sai ya raina shi: yashi fari fat, ruwa ya rarrabu ƙanana-ƙanana, akwai wuraren da makiyayi ke ƙetarewa da ƙafa shi da shanunsa. Da marka ta kankama a watan Agusta sai kogin ya ɗaga mitoci da dama, ya haɗiye yashin, ya malala cikin fadamu, ya cika tafkuna irin su Geriyo na gefen Jimeta da Njuwa na kusa da Yola. Tuddan da ruwan bai kai kansu ba su ne ke zama tsibirai.

Waɗannan tsibirai ba su da alkawari. Wanda aka kwana a kansa bara, bana ana iya tarar da ruwa ya cinye rabinsa ya kai yashin wani wuri. Haka ma zurfin da jirgi ke bi, yana iya kasancewa ta gaɓar arewa a wannan shekara, baɗi ya koma ta kudu. Shi ya sa taswira ba ta taɓa wadatar da matuƙi a Binuwai ba. Ido ake buƙata, mai gane inda fuskar ruwa ta yi ƙananan wuya-wuya, alamar yashi na kusa, da inda ta yi duhu ta kwanta, alamar zurfi.

Turawan farko da suka shigo da jirgin hayaƙi sun koyi wannan darasi da wuri. A watan Yunin 1851 ne Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso mahaɗar Binuwai da Faro ta ƙasa, ya shiga Yola shekara goma bayan Modibbo Adama ya kafa ta. Labarinsa ya sa Ingila ta turo jirgin da ake kira Pleiad a 1854, ƙarƙashin likita William Baikie, tare da Samuel Ajayi Crowther a ciki. Sun yi watanni suna kwana suna tashi a jirgin, suna shan kwinin kullum, kuma zazzaɓi bai kashe ko mutum ɗaya ba, abin da ba a saba gani ba a irin wannan tafiya. Duk da haka ba su kai Yola ba. Itacen da injin ke ci ya yi wuyar samu, kuma a ƙarshen Satumba suka ji tsoron ruwa zai janye ya bar su a kan yashi har wata daminar, sai suka juya.

Zaman jirgi mafi tasiri a tarihin Yola shi ne na kamfanin Royal Niger Company. A zamanin Lamido Zubairu, wanda ya hau mulki a 1890, fada ba ta saki jiki da 'yan kasuwar Turawa su yi gini a tudu ba. Saboda haka wani tsohon jirgi da aka ɗaure a kogin shi ne kantinsu, shi ne sitonsu, shi ne gidansu. Fatake su kawo hauren giwa da ƙaro a kwale-kwale, su karɓi gishiri da yadi. Lamido ya hango inda aka dosa, kuma tsoronsa ya tabbata. Da sojojin Ingila suka zo cin Yola a ƙarƙashin Kanar Morland, a jiragen ruwa suka zo, kuma ranar 2 ga Satumba 1901 suka faɗa wa garin. Ba a banza aka zaɓi watan ba, domin lokacin ne ruwa ke iya ɗauko jirgi mai sojoji da manyan bindigogi har bakin Yola.

Daga nan Jimeta ta bunƙasa a matsayin kwata. Kamfanoni irin su UAC da John Holt sun riƙa turo jirage daga Burutu da Warri, tafiyar fiye da kilomita 1,000, suna tura manyan jiragen dakon kaya cike da gishiri da siminti da kananzir da atamfa, su koma da gyaɗa da auduga da kiraga. A wancan zamani, zuwa Yola ana samun wajen wata uku zuwa huɗu, amma zuwa Garwa 'yan makonni ne kawai a Agusta da Satumba, kuma a cikinsu ake kwashe audugar arewacin Kamaru da ta Cadi. Ma'aikatan jiragen kan bar gida tun farkon damina. A goshin jirgi akwai mai riƙe da doguwar gora da aka yi wa alamu, yana cakawa yana faɗin zurfi da ƙarfi don matuƙi ya ji. Da rana ta faɗi a ɗaure jirgi, domin tafiyar dare a irin wannan kogi ganganci ne. Jirgin da ya makara ruwa ya janye, to shi da wasu daga cikin ma'aikatansa sun zama 'yan garin sai baɗi.

Sai dai kafin jirgin hayaƙi da bayansa, masu zaman jirgi na haƙiƙa su ne mutanen kwale-kwale: Bachama da Bata na nan gida, Jukunawa daga ƙasa, Kakanda da Nufawa masu manyan jiragen fatauci, da sarkawa irin su Kabawa, waɗanda suka baro ƙasar Kabi suna bin kifi har suka kafa zango-zango a Binuwai da Tafkin Cadi.

Jirgin iyali abin a tsaya a duba ne. A tsakiya akwai rumfa, a da ta tabarma ko zana, yanzu galibi ta tampol, a lanƙwashe a kan sanduna. A ƙarƙashinta ake ajiye buhun masara, da gidan sauro, da kayan sawa a ƙulle cikin leda, da rediyo. Can wajen baya uwargida ke da murhunta, a kan tsohon faranti ko kwano da aka cika da yashi don kada wuta ta taɓa katako. Yaro ƙarami aikinsa kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka, kuma wannan aiki ba ya ƙarewa. Ruwan sha daga kogin ake ɗiba, jawur da laka a wannan lokaci, a jefa masa alif ya kwanta. Komai yana da mazauninsa, domin buhu ɗaya da aka ajiye a karkace ya isa ya sa jirgi ya riƙa shan ruwa ta gefe.

Idan aka isa tsibirin da za a yada zango, ba a sauka haka kawai. Akwai Sarkin Ruwa ko mai unguwar da ke da iko da wannan yanki, a gaishe shi, a nemi izini, a ji inda dorina ke kiwo. Sannan a kafa bukkoki, a gina wurin banda da laka ko da rabin duro. Maza su fita da birgi da kalli da mamari, su kafa gura a bakin fadama, inda kifi ke shiga ciyawar da ruwa ya rufe don ci da hayayyafa. Ana samun tarwaɗa da karfasa da kurungu da ragon ruwa, wani lokaci a dace da giwan ruwa. Gaskiya dai, tsakiyar cikowa ba lokacin kamu mai yawa ba ne, saboda kifi ya warwatsu a faɗin fadama. Babbar riba tana zuwa ne idan ruwa ya fara komawa, kifin ya biyo ƙananan mashigai zai koma kogi. Zaman marka a tsibiri, rabinsa kama wuri ne da jiran wannan lokaci.

Iska ma tana da nata lissafin. Kogin yana gangarawa yamma ne, iskar damina kuwa daga kudu maso yamma take busowa, wato tana tura mai haurawa gaba. Saboda haka wanda ba shi da inji kan iya kafa gora a jirgi ya ɗaura zane ko buhunan da aka ɗinke wuri ɗaya, ya huta da tuƙi. A Mopti ta ƙasar Mali, inda iyalan Bozo ke zaman jirgi a Kwara, irin wannan ɗinkin buhuna sananne ne. Hadari kuwa daga gabas yake tasowa, da guguwa a gabansa. Da zarar gabas ta yi baƙi, mai hankali ya sauke zanen, ya nemi bayan tsibiri ko cikin ciyawa ya ɗaure. Jirgin da iskar farko ta riska a tsakiyar kogi da lodi, sai addu'a.

A Turai wannan lokaci na shekara hutu ne. Masu hali kan yi hayar jirgin iska su zaga tsibiran Girka a Agusta, suna lura da wata iskar arewa mai ƙarfi da ake kira meltemi, suna neman lungun da za su kwana. Dabarun kusan ɗaya ne da na Binuwai, wato tattalin ruwan sha, da sanin mafaka, da ƙin yin gardama da iska, sai dai na nan abinci suke nema. A Tafkin Cadi kuma Buduma sun shekara ɗaruruwa suna yawo tsakanin tsibirai da jiragen da suke ɗaurewa da ciyawar ruwa, shanunsu na Kuri masu kumburarrun ƙahoni suna iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan.

Zirga-zirgar manyan jirage ta mutu ne a hankali. Wani kamfanin Holan mai suna NEDECO ya fitar da babban nazari a kan gyaran Kwara da Binuwai a 1959, amma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse hanyar Kudu, jirgin ƙasan Kamaru ya iso Ngaundere a 1974 ya janye kayan Garwa, kwalta da gadojin Numan da Jimeta suka ɗauke sauran. Asara ce babba, domin jirgin dakon kaya ɗaya yana ɗaukar abin da tireloli da yawa ke ɗauka, ba tare da ya farfasa hanyar Numan ba. An kafa hukumar NIWA a 1997 don kula da hanyoyin ruwa, ana kuma yawan maganar yashe kogin, amma har yau kwale-kwale mai inji ne ke riƙe da ƙauyukan bakin ruwa, sau da yawa da lodi fiye da kima kuma ba rigar ruwa. Rayukan da ake rasawa duk damina a irin wannan fito ba su cancanci a saba da su ba.

Abin da ya fi sauya rayuwar tsibiri shi ne madatsar Lagdo, da Kamaru ta kammala a 1982 a saman Garwa. A da, tsoho na duban sama da launin ruwa ya san yadda cikowa za ta kasance. Yanzu kogin kan tashi cikin dare ba tare da an yi ruwa a Yola ba, idan an buɗe ƙofofin madatsar. A ambaliyar 2012 hukumar NEMA ta ƙidaya mutum 363 da suka rasu a faɗin Nijeriya, da fiye da miliyan 2 da suka bar gidajensu, ta 2022 kuma ta kashe fiye da 600, ko da yake ruwan sama da sauran koguna ma suna da hannu a ciki. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara a yankin Fufore don ta tare ruwan Lagdo har yau ba a gina ta ba. Saboda haka masuncin da ya yada zango a tsibiri a watan Satumba yakan ɗaure jirginsa dab da bukka, ya caka kara a bakin ruwa don auna tashinsa kafin ya kwanta, ya kuma bar rediyo a kunne saboda sanarwar sakin ruwa.