Ɗan Akwatin Wuta na Aljihu: Ko Ya Dace da Ɗalibi Mai Haɗe-haɗen Lantarki?

Duk matafiyin da ya fito daga birnin Kaduna ya nufi Abuja, sai ya ratsa ta Gonin Gora, wato unguwar nan da ke kudu da Kogin Kaduna a cikin Ƙaramar Hukumar Chikun. A gefen titi zai ga rumfunan masu cajin waya da masu gyaranta, ga kuma masu sayar da fitilun sola da batura. A irin waɗannan rumfuna ne yara da dama suke fara ganin cikin na'ura a buɗe, daga nan sha'awa ta kama su, su koma gida suna farke tsohuwar rediyo ko tocilan don su ga abin da ke ciki. Wasunsu kan shiga ƙungiyar JETS ta makarantarsu, inda ake ƙarfafa wa ɗaliban sakandare gwiwa su ƙera abin da suka karanta a littafi.

To, duk wanda ya taɓa haɗa da'irar lantarki, komai ƙanƙantarta, ya san cewa tambayar farko ita ce: ina za a samo mata wuta? Wutar da ke cikin soket ɗin bango bolt 230 ce, kuma tana juya alkiblarta gaba da baya sau 50 a cikin daƙiƙa guda. Ita kuwa da'irar ɗalibi wuta 'yar kaɗan take bukata, bolt 3 ko 5 ko 12, mai tafiya ta fuska ɗaya tak kamar ta batir. Na'urar da ke yin wannan sauyi a kan teburin aiki ita ce masu gyaran waya ke kira fawa-saflai. A da akwati ne mai nauyi da sai an sa hannu biyu ake ɗagawa. A 'yan shekarun nan an fito da wasu ƙanana da ba su fi tafin hannu ba, waɗanda ake ciyar da su daga cajar waya ko daga fawabank. Su ne ake son a duba a nan, a ga ko sun cancanci kuɗin ɗalibi ko malaminsa.

Abin da ya bambanta shi da batir

Mai karatu na iya cewa, ai batir ma yana ba da irin wannan wuta, me za a yi da wani akwati? Amsar tana cikin abubuwa biyu da ake aunawa a lantarki. Na farko shi ne matsi, wanda ake auna shi da bolt, kuma ya yi kama da tsawon hasumiyar da aka ɗora tankin ruwa a kai. Na biyu shi ne kwarara, wadda ake auna ta da amfiya, wato yawan ruwan da ke bi ta cikin bututu. Tun a shekarar 1827 wani malami Bajamushe, Georg Ohm, ya bayyana dangantakarsu: idan matsi bai canza ba, to gwargwadon yadda hanya ta buɗe, gwargwadon yadda kwarara za ta ƙaru.

Batir ba ya tambaya. Idan ɗalibi ya yi kuskure waya ta taɓa 'yar'uwarta, batir zai tura duk abin da yake iyawa. A ɗauki misalin ƙaramar fitilar LED ja, wadda ke aiki da kimanin bolt 2 da miliamfiya 20. In za a haɗa ta da batir mai bolt 9, dole a sa mata rizista mai om 350 ko kusa da haka, domin ta shanye ragowar bolt 7 ɗin. In aka manta, fitilar kan yi haske sau ɗaya ta mutu. Asarar fitila ba ta taka kara ta karya ba. Amma in allon Arduino ne, wanda ɗalibi ya yi watanni yana tara kuɗinsa, ko kuwa guda ɗaya ne tal a makarantar baki ɗaya, to magana ta canza.

Akwatin wuta na gaskiya yana da maɓallai biyu: ɗaya na saita bolt, ɗaya na sa wa kwarara iyaka. Ɗalibi zai saita bolt 5, ya ce kada kwarara ta wuce miliamfiya 50, sannan ya haɗa da'irarsa. In akwai kuskure, akwatin ba zai bari a wuce iyakar ba. Sai ya sauke matsin da kansa, harufan CC su bayyana a fuskarsa maimakon CV. Babu hayaƙi, babu wari, ɗalibi ya cire wuta ya koma neman inda ya kuskure. Da wannan dabara ce mai gyaran waya ke gano ciwo: yakan cire batir, ya ba wayar kimanin bolt 4 daga akwatin, in ya ga tana zuƙar wuta tun bai danna makunni ba, ya san akwai inda hanya ta haɗe a ciki. Duk wani akwatin da ba shi da wannan maɓalli na biyu, komai kyan fuskarsa, caja ce kawai da aka yi wa ado.

Yadda aka yi ya ƙanƙance

Tsohon akwati yana da taransifoma mai nauyi na ƙarfe da jan waya, wanda ke sauke bolt 230 zuwa kamar 18. Daga nan sai wani ɗan sashe mai daidaita matsi ya rage shi zuwa abin da ake so. Mafi shahara a cikinsu shi ne LM317, wanda Robert Dobkin ya tsara a kamfanin National Semiconductor na Amurka a shekarar 1976, mai iya ba da bolt 1.25 har zuwa 37, da kwarara har amfiya ɗaya da rabi. Aibinsa shi ne duk matsin da ya rage, zafi yake mayar da shi. In bolt 18 suka shiga, aka fitar da 5 a kan amfiya 1, to wat 5 ne suka yi aiki, wat 13 suka tafi a zafi. Shi ya sa ake ɗaura masa faffaɗan ƙarfe mai shan zafi, akwatin ya ƙara girma.

Sabbin ƙananan kuwa wata hanya suka bi. A cikinsu akwai taranzista da ke kunnawa da kashewa sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, tana gutsuro wuta kaɗan-kaɗan gwargwadon bukata, sai naɗin waya da kafasita su daidaita gutsattsarin su zama kwarara ɗaya. Ta haka kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na wutar kan isa inda ake so, zafi ya ragu, ƙarfe ya ragu. Abu na biyu da ya taimaka shi ne tsarin USB Power Delivery da aka fitar a 2012, da kuma bakin caja na USB-C da ya biyo baya a 2014. A wannan tsari caja da na'ura sukan yi ciniki a tsakaninsu, caja ta ɗaga matsinta daga bolt 5 zuwa 9, ko 15, ko 20. Saboda haka masu ƙera ɗan akwatin suka daina sa masa taransifoma kwata-kwata, suka bar wa cajar wannan aiki.

A nan ne amfaninsa ga ɗan Gonin Gora ya fito fili. Babban akwati, in an ɗauke wuta, ya zama dutsen guga. A watan Oktoba na 2024, sa'ad da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, jihohi da dama, har da Kaduna, sun shafe kwanaki a cikin duhu. Tayar da janareta kuma don a kunna da'irar da ba ta cin ko wat ɗaya ba, tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, ya zama abin da uba ba zai lamunta ba. Amma fawabank mai lamba 20,000 mAh yana ɗauke da kimanin wat-awa 74, domin ƙwayoyin da ke cikinsa bolt 3.7 ne. In aka cire abin da ke salwanta a hanya, a ce saura 60. Da'irar Arduino mai cin rabin wat za ta yi kwanaki a kan wannan. Ƙaramar mota mai bolt 12 da amfiya 2 kuwa za ta shanye shi cikin awa biyu da rabi. Malamin Fizis da ke da aji uku da ɗakin gwaji ɗaya yana iya sa akwatin a aljihu ya kai gwajin har cikin aji, kuma yara ba za su kusanci bolt 230 ba ko kaɗan.

Inda gizo ke saƙar

Sai dai ɗan akwatin ba ya haifar da wuta, abin da aka ba shi yake rabawa. In an rubuta wat 100 a jikinsa, aka ciyar da shi da cajar waya mai wat 10, to wat 10 ɗin zai bayar, ko ma ƙasa. Kafin a samu wat 100 sai an haɗa abu uku: caja mai iya ba da bolt 20 da amfiya 5, da igiya ta musamman mai ɗan guntun lantarki a bakinta da ke shaida wa caja cewa za ta iya ɗauka, da kuma akwatin kansa. Igiya ta gama-gari amfiya 3 ce iyakarta, wato wat 60. Wanda ya sayi akwati yana murnar araha, sau da yawa sai ya tarar kuɗin caja da igiya sun kamo nasa. Ga kuma matsalar jabun kaya, waɗanda lambar da ke jikinsu daban, abin da ke cikinsu daban. Haka nan wasu akwatunan saukar da matsi kawai suke iyawa, ba sa ɗagawa. Wanda ya jona irinsu da batirin sola mai bolt 12, kada ya sa ran ganin 15, kai ko 12 ɗin ma ba za ta cika ba. Wasu fawabank kuma sukan kashe kansu in sun ji abin da ake zuƙa ya yi kaɗan, a zatonsu an gama caji.

Akwai wani aibi da ba a gani da ido, sai dai a ji da kunne. Kunnawa da kashewar nan da taranzista ke yi tana barin ɗan kaɗawa a kan wutar, tana kuma watsa wani ɓangare a iska. Fitila da mota da Arduino ba ruwansu da wannan. Amma ɗalibin da ya haɗa 'yar rediyo mai kama matsakaicin zango ko gajeren zango, ko amfilifaya mai ɗaga muryar makirufo, zai ji wani zuuu ko fito a ƙarƙashin sauti, ya yi ta canza sassa yana zaton laifinsa ne, alhali daga akwatin ne. Maganin abin shi ne a koma ga batir zalla, ko kuma a fitar da bolt 12 daga akwatin a bi da su ta LM317 da kafasita kafin su isa rediyon. Tsohon hannu bai mutu ba ke nan.

Zafi ma abin dubawa ne. Akwatin da aka gwada a ɗaki mai sanyi a Sin ko Turai, in ya haɗu da zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano, yakan rage wutarsa ko ya ɗauke gaba ɗaya in an matsa masa. Ƙurar hunturu kuwa takan toshe 'yar fankar masu fanka.

Ɗalibin da ba shi da halin saye bai rasa hanya ba. In ya tsallaka kogi ya je Panteka, kasuwar nan ta tsofaffin ƙarafa da maƙera da ke kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko ya leƙa wurin masu gyaran kwamfuta, yana iya samun tsohuwar cajar kwamfutar cinya mai bolt 19. In ya haɗa ta da ɗan allon saukar da matsi mai maɓallan nan biyu, ya sami akwatinsa, ya kuma koyi abin da mai saye ba zai koya ba. Wasu kan ɗauko akwatin wutar tsohuwar kwamfutar tebur, mai jan waya ta bolt 5 da rawaya ta bolt 12 da ruwan lemo ta bolt 3.3. Yana aiki, amma ba shi da iyakar kwarara da za a saita, yana iya tura amfiya 20 cikin siririyar waya ya narkar da ita, kuma manyan kafasitocin cikinsa kan riƙe sama da bolt 300 bayan an zare shi daga bango. Wannan ba abin da yaro zai buɗe shi kaɗai ba ne. Haka ƙwayoyin batir 18650 da ake cirowa daga tsofaffin baturan kwamfuta: kada cajinsu ya wuce bolt 4.2, kada a bar su a kan wuta a tafi, wadda ta kumbura ko ta lotsa kuma a rabu da ita, domin gobarar litiyam ba ta da sauƙin kashewa.

To, ya dace ko bai dace ba? Ga mai aikin fitilu, da Arduino, da ƙananan motoci, da koyon gyaran waya, musamman a unguwar da wuta ke zuwa tana tafiya, ɗan akwatin ya fi babban dacewa, muddin yana da iyakar kwarara ta gaskiya kuma an yi lissafin kuɗin cajarsa tun farko. Ga mai sha'awar rediyo da sauti, sai da ƙarin tacewa. Ga ɗakin gwajin makaranta kuwa, gara a ce ƙari ne a kan babban akwati, domin bakin USB-C ba zai jure hannun ɗalibai arba'in kowane mako ba.

Kafin a biya kuɗi, akwai gwaji mai sauƙi da za a iya yi a gaban mai shago. A tafi da mita mai auna bolt da kuma ƙwan fitilar sigina ta mota mai bolt 12 da wat 21, wanda kan ci kimanin amfiya 1.75. Da farko a saita akwatin a bolt 5, a ga ko mita ta yarda da abin da fuskarsa ta nuna. Sannan a kai shi bolt 12, a sa iyaka a rabin amfiya, a jona ƙwan. In akwatin na ƙwarai ne, ƙwan zai yi ja-ja kawai ko ya ƙi kamawa, lambar bolt ta faɗo ƙasa sosai, harufan CC su fito. In kuwa ƙwan ya haska fes, ko akwatin ya mutu ɗungurum sai an sake kunna shi, to a mayar wa mai shago kayansa.