Kwamfuta Biyu, Lissafi Ɗaya

Jama'a, yau za mu yi magana a kan kwamfuta. Wani zai ce, "Ina ruwan manomi da kwamfuta?" To, ku saurara. A da sai a manyan ofisoshi ake ganinta. Yanzu ta zo har ƙofar gida. A Ƙaura Namoda akwai babbar makarantar koyon sana'a ta Gwamnatin Tarayya, wadda aka kafa a 1983, ɗalibanta da yawa suna da kwamfuta. A kasuwannin Shinkafi da Zurmi kuna ganin samari zaune da ita, suna tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a waya. Ko ba ka taɓa taɓa ta ba, wataƙila sunanka yana cikinta. Idan ka karɓi taki bashi, ko ka shiga ƙungiya, a ciki ake rubuta ka. Saboda haka ya kamata mu san yadda ake tsare abin da aka rubuta.

Fayil da jaka

Kowane rubutu da aka ajiye a kwamfuta ana kiransa fayil. Hoto ma fayil ne, waƙa ma fayil ce. Fayiloli kuwa ana tara su wuri ɗaya, ana ce da wurin jaka, wasu su ce folda. Ku ɗauka fayil takarda ce, jaka kuma gafaka. Akwai kuma manhaja, watau umarnin da aka shirya wa kwamfuta don ta yi wani aiki. Kwamfuta ba ta da wayon kanta. Abin da manhaja ta ce, shi take yi.

Ga misali

Mu ɗauka akwai ƙungiyar manoma a Birnin Tsaba. Magatakardan ƙungiya yana zaune a gari da kwamfutarsa. Ma'aji yana da tasa, shi kuwa yawanci yana Ƙaura Namoda wajen banki da masu sayar da taki. Dukansu suna riƙe da fayil ɗaya, mai sunayen waɗanda suka ci bashin taki.

Da kaka ta yi, wani dattijo ya sayar da wakensa. Ya sami ma'aji ya biya kuɗin buhu 2 da ake binsa. Ma'aji ya rubuta a kwamfutarsa. Amma kwamfutar magatakarda ba ta san an yi ba. A cikinta har yanzu ana bin dattijo.

Bayan kwana kaɗan suka haɗu. Magatakarda ya ce, "Malam, kawo in zuba maka lissafin nan." Ya kwafi fayil ɗinsa ya ɗora a kan na ma'aji. Sunan fayilolin ɗaya ne, sai tsoho ya danne sabo. Shaidar biyan dattijo ta ɓace ke nan. Ran taro aka kira sunansa cikin masu bashi. Ya rantse ya biya, aka buɗe kwamfuta biyu, duka suka ƙaryata shi. Kun ga an ci mutuncin bawan Allah, ba kuwa wanda ya yi niyyar cutarsa.

Turawa daban, daidaitawa daban

Abin da magatakarda ya yi shi ne turawa. Turawa ita ce ka ɗauki fayil daga nan ka kai can, ba tare da ka duba abin da ke can ba. Idan waƙa ce ko fim, ba laifi, don ba wanda yake sake su. Amma lissafi kullum sakewa yake yi. Yau an ƙara suna, gobe an soke bashi.

Daidaitawa kuwa ita ce a gwada jaka biyu tukuna. A ga wane fayil ne sabo, wane ne tsoho, wane ne yake nan ba ya can. Sa'an nan a kai wa kowa abin da ya rasa, har jakunkunan biyu su zama daidai. Mutum yana iya yin haka da hannu idan fayiloli 5 ne. Idan sun kai 500 fa? Ido zai gaji, a yi kuskure. Don haka aka yi manhajojin daidaitawa.

Yadda manhajar take aiki

Kowane fayil yana ɗauke da sunansa, da girmansa, da ranar da aka gyara shi da sa'ar. Manhaja tana duba waɗannan. Idan ta sami suna ɗaya a wuri biyu, sai ta dubi lokaci. Wanda aka gyara daga baya shi ne sabo. Da magatakarda ya yi aiki da ita, da ta nuna masa fayil ɗin ma'aji ya fi nasa sabunta, da dattijo bai sha kunya ba.

Wannan dabara ba ta yau ba ce. A 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, waɗansu masana biyu a ƙasar Ostareliya, Andrew Tridgell da Paul Mackerras, suka fito da wata manhaja mai suna rsync. Hikimarta ita ce ba ta aika fayil dukansa. Tana neman wurin da ya sake, ta aika shi kaɗai. Kamar riga ce ta yage a aljihu. Ba sabuwar riga za ka ɗinka ba, aljihun za ka gyara. Har yau ana aiki da ita a duniya.

Akwai waɗansu da suka fi sauƙi ga mai koyo. Ɗaya ita ce FreeFileSync. Kyauta ce. Tana jera jaka ɗaya a hagu, ɗaya a dama, ta nuna maka abin da za ta yi kafin ta yi. Wata kuma ita ce Syncthing, ita ma kyauta. Ita da kanta take daidaitawa duk lokacin da kwamfutocin biyu suka sami hanyar sadarwa.

Hanyoyi uku

Manhaja tana bukatar hanyar da fayil zai bi. Hanyoyin uku ne.

Ta fari ita ce filashi, ɗan ƙaramin abin nan da bai fi yatsa ba. Magatakarda ya daidaita jakarsa da filashi. A ba amintacce ya kai Ƙaura. Ma'aji ya daidaita tasa jakar da filashin, sa'an nan a komo da shi, magatakarda ya sake daidaitawa. Filashi ya zama ɗan aike ke nan.

Ta biyu, idan kwamfutocin suna ɗaki ɗaya, sai a haɗa su da wayar kwamfuta, ko da Wi-Fi na wayar hannu. Ba a bukatar intanet, ba a sayen data. Kun saba ganin irin wannan wajen yara masu tura hotuna da Xender.

Ta uku ita ce intanet. Kamfanoni suna da manyan rumbunan ajiya, kamar Dropbox da aka buɗe wa jama'a a 2008, da Google Drive na 2012. Kowa ya gyara fayil, sai ya tafi rumbun, ya sauka a ɗaya kwamfutar. Tana da daɗi, amma tana cin data, kuma sai da sabis.

Mu mutanen Zamfara mun san abin da rashin sabis yake nufi. A watan Satumba na 2021 hukuma ta sa aka rufe layukan waya a jihar duka saboda 'yan bindiga. Aka yi makonni ba kira, ba intanet. Wanda lissafinsa yake can rumbun kamfani kaɗai, ba shi da kwafi a gida, bai iya ganinsa ba. Mai filashi a aljihu bai daina aiki ba. Saboda haka a ƙauyukanmu hanya ta fari da ta biyu su ne abin dogara. Ta uku ƙari ce.

Inda ake tuntuɓe

Kada ku ce tun da an sami manhaja an huta. Akwai ramuka huɗu.

Na ɗaya, agogo. Mun ce manhaja lokaci take dubawa. Idan kwamfuta ta tsufa, ɗan batirin da ke riƙe mata agogo yakan mutu, sai ta koma wata tsohuwar shekara. Daga nan sabon fayil sai ya zama kamar tsoho. Kafin a daidaita, a dubi kwanan wata a kwamfutocin biyu.

Na biyu, karo. Idan magatakarda ya gyara fayil ran Litinin, ma'aji kuma ya gyara wannan fayil ɗin ran Talata, ba su daidaita a tsakani ba, to, kowanne yana da gaskiyar da ɗaya ba shi da ita. Manhaja ba ta iya raba wannan gardama. Mai kyau takan tsaya ta tambaya, ko ta ajiye duka biyun. Maganinsa a raba aiki. Magatakarda ya riƙe fayil ɗin masu karɓar bashi. Ma'aji ya riƙe na masu biya. Kowa ya karanta na ɗan'uwansa, amma kada ya sa masa hannu.

Na uku, gogewa. Wannan ya fi duka haɗari. Idan ka goge fayil a nan bisa kuskure, ka daidaita, manhaja za ta ɗauka nufinka ke nan, ta goge shi a can. Ka rasa biyu a lokaci ɗaya. Kwamfuta biyu da aka daidaita kamar rumbu biyu ne masu jingine da juna. Wutar da ta kama ɗaya ba ta barin ɗaya. Don haka a sami filashi na dabam. Kowane ƙarshen wata a kwafe jakar a ciki, a rubuta mata kwanan wata, a kulle shi a akwati a wani gida. Wannan ba a daidaita shi da kome. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, cuta. Akwai miyagun manhajoji da ake kira bairos, masu ɓata fayiloli. Filashi yana ɗaukarsu daga wannan kwamfuta zuwa waccan, kamar yadda ƙuda yake ɗaukar cuta daga juji zuwa akushi. Filashin lissafi kada a kai shi shagon tura finafinai. Na aiki daban, na nishaɗi daban.

Abin da ya rage gare mu

Ba kowa ne cikinmu zai riƙe kwamfuta ba. Amma kowa yana da bakin tambaya. Ran taron ƙungiya ka miƙe ka ce, "Malam magatakarda, yaushe kuka daidaita da ma'aji? Ina kwafin wata-wata yake?" Wannan ba rashin kunya ba ne, tsare amana ne.

Idan kuma ka biya kuɗi, ka karɓi rasit. Ka karanta sunanka, da adadin kuɗi, da kwanan wata, kafin ka tashi. Ka ajiye shi inda ruwa da gara ba za su taɓa shi ba. Da dattijon nan yana da rasit a aljihu, kuma ya iya karanta shi, da takarda guda ta ƙaryata kwamfuta biyu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin turawa da daidaitawa?
2. Me ya sa ake duba agogon kwamfuta kafin a daidaita?
3. Wace hanya ce take aiki ko babu sabis?
4. Don me ake ajiye filashi na dabam a wani gida?
5. Idan ka biya bashi, me za ka karɓa, me kuma za ka karanta a jikinsa?