Bonsai: yadda ake jinyar icce maras lafiya kafin a mayar da shi abin ado

A wuraren sayar da itatuwan dashe na ƙasar Japon, da Turai, da Amurka, idan lokacin ciniki ya zo ƙarshe akan ware wasu itatuwa gefe guda a karya masu farashi. Ganyensu ya ƙone, wasu rassan sun bushe, tukunyar ma ta yi masu kaɗan. Mafi yawan masu saye ba su ko kallonsu, amma masu sha'awar bonsai nan suke fara dosa, domin a cikin irin waɗannan akan samu icce mai kaurin gindi da araha. Sai dai da yawa daga cikinsu kan mutu a hannun wanda ya saye su, saboda an fara yi masu ado tun ba su warke ba.

Mene ne bonsai?

Kalmar ta Japananci ce, ma'anarta shuka a cikin faranti. Icce ne na gaske, irin wanda zai kai tsawon ɗaki ko ya wuce in an bar shi a daji, amma ake riƙe shi ƙarami a cikin tukunya maras zurfi ta hanyar yanke saiwa da rassa, har ya ɗauki kamar tsohon icce. Asalin wannan fasaha daga ƙasar Sin yake. Akwai zanen wani mutum ɗauke da irin wannan shuka a bangon kabarin wani ɗan sarki da aka rufe a shekarar 706. Daga can ta ƙetara Japon, inda aka inganta ta. Bayan girgizar ƙasar da ta afka wa Tokiyo a 1923, wasu masu sana'ar sun ƙaura zuwa Omiya, arewa da birnin, suka kafa unguwar bonsai a 1925, kuma tana nan har yau.

Cikin itatuwan da aka fi so a wannan sana'a akwai wanda mutanen Japon ke kira momiji. Yana cikin dangin da Faransawa ke kira érable, wato ɗan'uwa ne ga iccen da ganyensa ke jikin tutar Kanada. Ganyen momiji kamar tafin hannu yake, mai yatsu biyar ko bakwai ko tara, kuma da kaka yakan rikiɗe ya koma ja ko ruwan goro kafin ya zube. Lokacin sanyi iccen kan yi barci, ya farka da toho wajen watan Maris.

Matakin farko: a gano ciwon

Kafin komai sai a tabbatar iccen na da rai. Akan ɗan kankare ɓawon reshe da farce. In an ga kore a ƙarƙashi, reshen na raye, in kuwa ruwan ƙasa ne busasshe, ya mutu. Ana bi daga sama zuwa ƙasa har a san inda rai ya tsaya.

Daga nan sai a duba saiwa, don galibi can ciwon yake. Iccen da ya daɗe a tukunyar roba saiwarsa kan yi ta zagaye tana naɗe kanta, har ta shaƙe gindin. Wani kuma an bar shi cikin ƙasa mai riƙe ruwa har saiwar ta ruɓe. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa mai haske, kuma da tauri. Ruɓaɓɓiya baƙa ce, tana narkewa a hannu, tana wari.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne alamar yawan ruwa da ta ƙishirwa duk ɗaya ce: ganye ya yi laushi, bakinsa ya ƙone. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, don haka iccen kan ji ƙishirwa alhali gindinsa na cikin laka. Mai shi ya ga haka ya ƙara zuba ruwa, ya ida kashe shi.

Akwai ciwon da ba ya jin magani. Wata cuta da ke zaune cikin ƙasa, mai suna Verticillium, takan shiga ta saiwa ta toshe hanyoyin ruwa. Alamarta reshe guda ya bushe farat ɗaya, in aka yanka a ga duhu-duhu cikin tsokar iccen. Irin wannan gara a bar shi ga mai sayarwa. Haka nan ya kamata a duba gindi, domin galibin momiji na kasuwa aure aka yi masu kamar yadda ake yi wa mangwaro, kuma tabon auren in ya yi kumburi yakan ɓata siffar iccen.

Mataki na biyu: jinya

Shekarar farko ba a neman kyau, rai ake nema. Ana ajiye iccen inda zai samu ranar hantsi da inuwar yamma, nesa da iska mai zafi. Ana cire busassun rassa kawai, a bar duk wani ganye mai rai, don da ganye icce ke haɗa abincinsa. Ba a ba shi ruwa sai saman ƙasar ya fara bushewa, sannan a zuba sosai har ya fita ta ƙasan tukunya. Taki kuwa sai ya fara fitar da sabon toho, domin takin zamani na ƙona saiwar da ke da rauni.

Sauya ƙasa na da lokacinsa: ƙarshen sanyi, sa'ad da idanun toho suka kumbura amma ba su buɗe ba. A lokacin ake warware saiwar a hankali da tsinke, a yanke ruɓaɓɓiya da wadda ta naɗe gindi, a baza sauran ta kowane gefe. A Japon ana amfani da akadama, wata ƙasa mai tsaba-tsaba, a gauraya ta da tsakuwar dutsen aman wuta. Amfaninta shi ne ruwa ya wuce, iska ta shiga. Ba a kai iccen kai tsaye cikin ƙaramar tukunyar ado. Akwatin katako mai faɗi, maras zurfi, mai ƙofofi a ƙasa ya fi masa, kuma a ɗaure shi da waya don kada iska ta riƙa girgiza sabuwar saiwa.

Bayan haka sai a ƙyale shi shekara guda ko biyu. Shaidar warkewa ita ce ya fitar da dogayen rassa masu ƙarfi ta kowane gefe.

Mataki na uku: horo

Sai a lokacin ake zaɓen gefen da zai zama fuskar iccen, inda saiwar ta fi bazuwa kyau bisa ƙasa kuma gangar ta fi kyan lanƙwasa. In gangar ta miƙe kamar sanda, akan datse ta a bar reshe guda ya zama sabon kai. Da haka ake samun gindi mai kauri da ke sirancewa zuwa sama, irin na tsohon icce. Ana guje wa babban yanka daf da farkawarsa, saboda a lokacin momiji kan zubar da ruwan jiki da yawa.

Idanun momiji biyu-biyu suke fitowa, suna fuskantar juna. In aka yanke reshe aka bar ido biyu na farko, rassa biyu za su fito. Su ma a yanke su haka, su zama huɗu. Shekara bayan shekara rassan na ƙara yawa da sirancewa, ganyen na ƙara ƙanƙancewa.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi. Ana naɗa wayar alminiyom a karkace bisa ɗanyen reshe, mai kauri kamar kashi ɗaya cikin uku na reshen, sannan a lanƙwasa shi inda ake so. Ɓawon momiji ba shi da kauri, don haka sai an riƙa dubawa duk mako, a yanke wayar kafin ta nutse, in ba haka ba tabon kan daɗe shekaru. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada a haɗa wa icce manyan ayyuka biyu a lokaci guda: in an taɓa saiwa bana, babban yanka sai baɗi.

Aikin na iya wuce rayuwar mutum guda. A birnin Washinton akwai wani bonsai na dangin da Faransawa ke kira pin, wanda ake horarwa tun 1625. Yana gidan iyalin Yamaki a Hiroshima lokacin da aka jefa bam ɗin nukiliya a 1945, ya tsira, kuma a 1976 aka ba Amurka shi kyauta.

A nan Nijar fa?

Momiji ba zai yi ba a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa. Yana buƙatar watannin sanyi na gaske don ya yi barci, kuma zafin Afrilu da Mayu, da kan wuce digiri 40, zai ƙone ganyensa. Amma akwai itatuwan gida da ke karɓar wannan horo. Ana yin bonsai da kuka da tsamiya a ƙasashe masu zafi, haka ma dangin ɓaure irin su cediya, wadda ke kamawa daga yankakken reshe. A madadin akadama ana iya tankaɗe tsakuwar marmara ko fasasshen jan bulo, a haɗa da ɗan ruɓaɓɓen taki. Lokacin taɓa saiwa shi ne farkon damina, kuma kuka in ta zubar da ganye da rani sai a rage mata ruwa sosai.

Ko wanda ba ruwansa da bonsai zai amfana da duban saiwa. Dashen da ake saye cikin baƙar leda don bikin dashen itatuwa na 3 ga watan Agusta, in ya daɗe a ledar, saiwarsa kan naɗe kamar ta momijin kasuwa. A yaga ledar, a warware ko a yanke abin da ya naɗe kafin a sa shi cikin rami.