Sujadar Iyali a Gidan da Ke da Ƙananan Yara

A ikkilisiyoyin da ake sujada da Hausa, ko ECWA ce ko COCIN ko EYN ko HEKAN, rabon ƙaramin yaro a majami'a bai wuce awa ɗaya ko biyu ba ranar Lahadi. Mako kuwa awa 168 ne. Malamar Makarantar Lahadi za ta koya masa waƙa da aya guda ta sallame shi, sauran kwanakin duka yana hannun uwarsa da ubansa. Iyaye da yawa sun san haka, suna kuma so a riƙa sujadar iyali a gidansu. Sai a fara da zafi a watan Janairu, kafin Ista abin ya bi ruwa. In ka bincika, yawanci tsarin sujadar manya aka ɗauko aka ɗora wa ɗan shekara uku, shi kuwa ya ƙi ɗauka, iyayen suka gaji da kokawa suka haƙura.

Nauyin dai na iyaye ne tun asali. Sura ta 6 ta Maimaitawar Shari'a su ta ɗora wa koyarwar, lokutan da ta ambata kuma duk na harkar yau da kullum ne: zaman gida, tafiya, kwanciya da tashi. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, ya bi sawun bangaskiyar saurayin har zuwa ga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Ikkilisiyoyi sun bambanta a kan baftismar jarirai: Anglikan da Katolika da Lutheran suna yi, ECWA da EYN kuwa miƙa yaro suke yi su jira ya girma ya furta da bakinsa. Amma ko ta wace hanya aka bi, iyaye sukan tsaya gaban jama'a su ɗauki alkawarin renon ɗan nan cikin tsoron Allah. Sujadar iyali hanya ce ta cika wannan alkawari kullum.

Abu na farko da za a tsayar shi ne lokaci. Wasu gidaje da asuba suke yi, kuma yana da kyau inda yara suka tasa. Ga masu ƙanana, na fi ganin dacewar bayan abincin dare. Da safe a birni kowa sauri yake, ana wanka ana neman takalmin makaranta. A ƙauye kuma da damina maigida ya riga rana zuwa gona. Da dare ciki ya cika, kowa yana gida, barci bai riga ya kama yara ba. Kada a jira sai an gama wanke-wanke da kallon labarai, domin a lokacin auta ya riga ya ɓingire. A kashe talabijin, iyaye su ajiye waya nesa da hannu. In an ɗauke wuta, tocila ta isa. Tsawonta kuma minti goma ne, ko sha biyar in ya yi yawa. Na san akwai wanda zai ga minti goma ya yi wa Allah kaɗan. Minti goman da aka yi kowane dare har shekara ya fi awa gudan da aka yi sau huɗu aka bari.

Sai maganar harshe, wadda ba a cika tsayawa a kanta ba. A Jos ko Kaduna ko Gombe za ka tarar da gidan da uba Bajju ne ko Tangale, uwa Ngas ce ko Bura, Hausa ce ta haɗa su, makaranta kuma Turanci take yi wa yara. Sai iyaye su ga burgewa ne a yi sujadar da Turanci. Sakamakon shi ne yaro ya haddace addu'a yana rattabo ta tiryan-tiryan bai san abin da ya faɗa ba. Ka'idar mai sauƙi ce: harshen da yaro yake kuka da shi, yake roƙon abinci da shi, da shi za a koya masa magana da Allah. In Hausa ce, ba mu da uzuri. Cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, aikin da Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya yake cikin manyan waɗanda suka yi shi, an kuma yi sababbin fassarori bayansa da Hausar da ta fi sauƙi ga kunnen yaran yau. Kakanni da yawa a Arewa, har da na wajen Maradi a Nijar, da wannan littafi suka koyi karatun boko. In kuwa akwai Sabon Alkawari da yaren gida, a riƙa ɗauko shi lokaci-lokaci, ko don kaka ta ji daɗi.

Idan an zauna, a fara da waƙa. Waƙa ce ke tattaro yara ba sai an yi tsawa ba. Baiti ɗaya ko biyu daga Littafin Waƙoƙi ya wadatar, ko ɗaya daga gajerun waƙoƙin da Zumuntar Mata ke rerawa da tulu. A bar yara su yi tafi, mai son kaɗa bokiti ya kaɗa. A maimaita waƙa ɗaya har mako guda kafin a sake wata. Manya ne ke gundura da maimaici, yara so suke yi.

Karatu shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Uba mai himma yakan ce za a fara daga Farawa sura ta 1 a bi a jere har Wahayi. Farawa da rabin Fitowa za su tafi daidai, amma da an shiga dokokin hadayu a Littafin Firistoci an rasa yara. Ƙaramin yaro labari yake riƙewa. A zaɓo masa labaran da ke da mutum da matsala da mafita: Nuhu da jirgi, Yusufu da 'yan'uwansa, Musa jariri a bakin kogi, Sama'ila yana yaro yana jin kira da dare, Dawuda da Goliyat, Daniyel a ramin zakoki. A Sabon Alkawari akwai haihuwar Yesu, ɓatacciyar tunkiya a Luka 15, da yaron da ya ba da gurasa biyar da kifi biyu. Bisharar Markus ta dace da mafari, domin ita ce mafi gajarta cikin huɗun, sura 16 kawai, kuma labari ne ke bin labari.

Ga yadda ake yi. Mai jagora ya karanta wurin shi kaɗai tun da rana, don ya san inda labarin ya dosa. Da dare ya buɗe littafin a gaban yara, ya karanta aya uku ko huɗu da murya, domin su san daga nan maganar ta fito. Sannan ya ɗaga kai ya ba da labarin da bakinsa, yadda kaka ke yin tatsuniya: a canza murya, a dakata a inda ya yi daɗi, a tambaya, “To, me kuke gani ya faru?” Dabarar tatsuniya kaɗai za a ara. A faɗa wa yara a fili cewa wannan ba labarin Gizo da Ƙoƙi ba ne, kada kuma a ƙara gishirin da ba ya cikin Nassi don a burge su, domin wata rana za su karanta da kansu su gane. Dogon labari kamar na Yusufu, wanda ya kama daga Farawa 37 zuwa 50, a yanka shi gunduwa-gunduwa. A tsaya a daren da aka jefa shi rijiya, gobe su da kansu za su kira sujada. Kada kuma a rufe kowane labari da “saboda haka ku riƙa jin magana.” In kowane dare nan ake ƙarewa, yaro zai ɗauka Littafi Mai Tsarki sandar iyaye ce kawai, alhali abin da labaran ke nunawa shi ne halin Allah da abin da ya yi.

Bayan labari sai tambaya, kuma ta ɓangare biyu ce. Iyaye su yi guda biyu masu sauƙi: wa muka ji labarinsa, me Allah ya yi? Sannan a ba yara fili. Nan ne za ka ji “Baba, wa ya yi Allah?” ko “Mama, Kaka da ta rasu tana ina?” Ba rashin kunya ba ne, kada a kwaɓe su. A amsa gwargwadon hankalinsu, abin da ya fi ƙarfin iyaye kuma a ce, “Bari mu tambayi Fasto ranar Lahadi,” a kuma tambaya ɗin. Akwai tambayar da kusan kowane yaro Kirista a Arewa zai yi, tunda yana jin kiran salla, yana wasa da 'ya'yan maƙwabta, yana cin naman layya kamar yadda su ma ake kai musu shinkafar Kirsimeti: me ya sa su ba sa zuwa coci? Amsar tana bukatar gaskiya da ladabi tare. A gaya masa su Musulmi ne, addininsu dabam, ga abin da mu muka gaskata game da Yesu Almasihu, kuma an umarce mu mu ƙaunaci maƙwabci. Zagi ko habaici kada ya fito daga bakin iyaye, ko da a garin da aka taɓa rikici. A wasu gidajen Kano da Katsina ma ba maƙwabci ake magana ba, kawu ne ko goggo. Abin da yaro ya ji a tabarmar sujada shi zai maimaita a ƙofar gida.

Daga nan addu'a. Yaro ba ya koyonta da bayani, da ji da yi yake koya. A fara masa da godiya, jimla ɗaya: ya faɗi abu guda da ya ji daɗinsa yau, ko da ƙosai ne. In ya saba, a ƙara roƙon gafara, sannan roƙo domin wani: ɗan ajinsu mara lafiya, ruwan sama, Baba da zai yi tafiya. Kowa ya yi nasa bi da bi, daga ƙarami zuwa babba, a rufe da Addu'ar Ubangiji tare. Abubuwa biyu ne iyaye za su kiyaye. Kada a yi dariyar addu'ar yaro, ko da akuyar gida ya yi wa. Kada kuma a mai da addu'a wurin faɗa, uwa ta rufe ido tana lissafa wa Allah laifofin ɗanta yana ji. In an samu amsar abin da aka roƙa, a tuna wa yara, a yi godiya. In ba a samu ba, mara lafiyar ya rasu, kada a ɓoye. A gaya musu mun roƙa, Allah bai yi yadda muka so ba, muna baƙin ciki kuma ba mu daina dogara gare shi ba.

Haddar aya ba ta bukatar dogon bayani: aya ɗaya a mako, a riƙa maimaita ta wajen wanka da hanyar makaranta. Zabura 23 aya shida ce, mako shida ke nan.

Duk wannan yana iya rushewa a cikin sauran awoyin yini. Afisawa sura ta 6 ta ce wa yara su yi biyayya, nan take kuma ta juya ga ubanni ta gargaɗe su kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. Mun fi haddace rabin farko. A ganina bulala ba ta da wuri a tabarmar sujada. Yaron da aka doka don ya yi gyangyaɗi a addu'a, addu'ar zai tsana. Mai mutsu-mutsu a ɗora shi a cinya, mai barci a kwantar da shi. Haka nan kada a mai da Allah dodon tsorata yara, “Allah zai ƙone ka” don an zubar da miya. Kuma yara suna kallo. Sun ga yadda Baba ya yi wa Mama magana da rana kafin ya buɗe Littafi da dare. In an yi saɓani a gabansu, a shirya a gabansu. Uban da ya hukunta ɗansa bisa kuskure ya ce masa “Ka yafe mini” bai zubar da girmansa ba. Ya nuna masa yadda tuba take, abin da wa'azi ba zai iya nuna wa ɗan shekara biyar ba.

Saura gidan da uba ba ya nan: soja ne ko ɗan sanda ko direban babbar mota, ko ya tafi cin rani, ko ya rasu. Uwa ta jagoranta ba tare da jiran kowa ba, maigida in da hali ya bugo waya ya yi addu'ar rufewa. Inda uba yake gida kuwa, bai kamata ya bar wa “Maman yara” ya koma gefe da rediyo ba, domin 'ya'ya maza suna lura, su yanke cewa ibada aikin mata ne. Wanda bai iya karatu ba ya ba da labarin da ya ji a majami'a, ko babban yaro ya karanta shi ya bayyana. In tafiya ko rashin lafiya ko baƙi sun sa an tsallake kwana uku, a ci gaba a na huɗu, ba sai an jira sabuwar shekara ba.

Iyayen da ba su taɓa farawa ba, ku buɗe Markus sura ta 4 daga aya 35 zuwa 41, labarin hadarin da ya taso wa almajirai a cikin jirgi. Aya bakwai ce. Ku karanta ta da rana, ku ba yaranku labarinta yau bayan tuwon dare.